Kola Ogunmola, Malamin Makaranta da Ya Zama Gwanin Wasa

An haifi Elijah Kolawole Ogunmola ran 11 ga Nuwamba, 1925, a garin Okemesi cikin ƙasar Ekiti, a yammacin Nijeriya. Sa'ad da ya girma ya kama aikin koyarwa a Ado-Ekiti. A zamanin nan ikilisiyoyin ƙasar Yarabawa sun saba shirya waƙe-waƙe da wasanni a kan labarun Littafi Mai Tsarki, domin koyarwa da kuma tara kuɗin aikin ikilisiya. Cikin wannan al'ada saurayin malamin ya fara gwada hannunsa. Ya kan tattara 'yan makaranta da abokan aikinsa bayan an tashi, ya koya musu waƙa da rawa, su nuna labarin sarki Nebukadnezzar, ko na Yusufu da 'yan'uwansa. Wajen shekara ta 1947 ya kafa ƙungiyarsa ta masu wasa, wadda ta riƙa zaga garuruwa.

Irin wasansa ba na magana kaɗai ba ne. Kusan dukan labarin da waƙa a ke bayar da shi, cikin harshen Yarabanci, ganguna suna amsawa. Shi kansa kuwa gwani ne na kwaikwayo da fuska da jiki, har ya kan sa taro dariya ba tare da ya buɗe baki ba. Amma ba dariyar banza ya ke nema ba. A cikin wasansa mai suna Ife Owo, watau Son Kuɗi, ya nuna wani mawadaci wanda ke zaune lafiya da matarsa da 'ya'yansa, sai wadata ta ruɗe shi, ya ɗauko wata mace mai kwaɗayi, ya kori uwargida, a ƙarshe ya wayi gari ba dukiya, ba iyali. Mutane su kan yi ta dariya, sa'an nan su koma gida kowa yana auna kansa.

Duk da haka wahala ba ta rabu da shi ba. Mai wasa da ke yawo gari gari, abin da aka tara a bakin ƙofa yau shi zai biya mota da abincin gobe. Ba shi da zarafin zama ya yi watanni a kan wasa guda, ba shi kuma da kayan aiki masu kyau. Shekara goma sha biyar ya yi a wannan hali, baiwarsa tana nan, amma wuri ya yi mata kaɗan.

A cikin 1962 Jami'ar Ibadan, birnin da mu ke kira Badun, ta buɗe makarantar koyon wasan kwaikwayo, da taimakon kuɗi daga Gidauniyar Rockefeller ta ƙasar Amurka. Malaman makarantar suka gayyaci Ogunmola ya zo ya zauna tare da su wata shida, shi da mutanensa, a ɗauke musu nauyin zama, su kuwa su shirya sabon wasa. Aka zaɓi littafin Amos Tutuola wanda aka buga a London a 1952, labarin wani mashayin bammi. Mutumin nan ba shi da aiki sai sha. Ran nan mai ɗebo masa bammi ya faɗo daga bisan itace ya mutu, abokan shansa suka watse, shi kuwa ya tashi ya nufi garin matattu domin ya komo da shi, yana ta gamuwa da aljannu da dodanni a hanya.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Littafin da Turanci aka rubuta shi, sai Ogunmola ya mai da shi waƙa da Yarabanci. Shi da ya saba yanke shawara shi kaɗai, dole ya koyi aiki tare da masu ilimin jami'a, musamman mai zane Demas Nwoko, wanda ya tsara dandali da tufafin dodannin. Da ya ji tsoronsu, da ya zubar da abin da ya iya, ya kwaikwayi nasu. Da kuma ya rena su, da ya koma kamar yadda ya zo. Bai yi ko ɗaya ba. Ya karɓi fitilu da tsarin dandali daga gare su, ya riƙe ganga da waƙa da ban dariyarsa. A cikin 1963 aka nuna wasan, mai suna Omuti, watau Mashayi, shi kansa ya fito a matsayin mashayin. Masu ilimi da talakawa duka suka yi na'am da shi, aka zaga ƙasa da shi, har a 1969 aka kai shi babban bikin al'adun Afirka a Aljeriya.

Taimakon ya ba shi damar sayen kayan aiki, ya duƙufa ga wasa ɗungum. Amma a 1970 ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, iyalinsa suka riƙe ƙungiyar. Ya sāke hawa dandali a 1972, jama'a suka tarye shi da murna, sa'an nan ya rasu a 1973, bai kai shekara hamsin ba.

'Yan'uwa, mu lura da wannan. Kuɗin da aka ba Ogunmola bai halicci gwanintarsa ba, gama ya riga ya yi shekaru yana wasa ta a ɗakunan makaranta, inda ba mai yabo. Abin da taimakon ya saya masa shi ne lokaci, shi kuwa bai ɓata ko yini guda ba. Kwanakin ƙarfinsa da suka rage bayan haka shekara bakwai ne kaɗai.

Tambayoyi

1. Ku karanta misalin talanti cikin Matta sura 25. Ina Ogunmola ya nuna aminci cikin ƙaramin abu?
2. Ta yaya dariya za ta iya tsauta wa mutum inda faɗa ya kāsa?
3. Akwai mai baiwa a cikinku wanda rashin zarafi ya danne? Me za ku iya ɗauke masa?