MALAM AHMADU BABA NA TUMBUKTU (1556-1627)

A wannan fitowa mun kawo muku labarin wani malami wanda aka raba da garinsu da ƙarfin bindiga, ya yi shekara 14 a baƙon wuri. Ƴan lakkol sun san sunansa a darasin tarihi, amma sau da yawa sunan kaɗai suka riƙe.

An haifi Ahmadu Baba a shekarar 1556, cikin gidan Aƙit, gidan da ya daɗe yana ba Tumbuktu alƙalai da limamai. A lokacin, garin yana ƙarƙashin sarakunan Askiya na Songai masu zama a Gao. Ya fara karatu wurin mahaifinsa, sa'an nan ya koma gaban Malam Muhammadu Bagayogo, Bawangare, ya yi shekara 10 yana ɗaukar fiƙihun Malikiyya da hadisi da nahawu.

Wannan Bagayogo ya cancanci a tsaya kansa, domin almajirinsa ya bar mana siffarsa a rubuce. Tun bayan sallar asuba yake zama bayar da karatu har hantsi. In ya tashi, wani lokaci sai ya nufi wurin alƙali don ya tsaya wa wanda ba shi da mai tsaya masa, ko ya sasanta mutum biyu da suka saɓa. Ya dawo ya ci gaba da karantarwa har dare. Ɗalibi mai nauyin kai ba ya gundurarsa, sai ya yi ta maimaita masa har na gefe su ƙosa, shi bai ƙosa ba. Littattafansa kuwa, masu tsada a zamanin da ake kwafe kowane da hannu, yakan ba da aronsu ko ga ɗalibin da bai sani ba. Mu da muke kulle littafi ɗaya cikin akwati don kada yaro ya taɓa, sai mu duba.

A 1591 Sarkin Maroko Ahmadu Almansur ya turo runduna ta ƙetare hamada ƙarƙashin Judar, da bindigogi, yana neman zinariya da gishirin Tagaza. A Tondibi, kusa da Gao, aka karya mayaƙan Songai. Malaman Tumbuktu ba su ɓoye ƙin wannan mulki ba, don Musulmi ne ya far wa Musulmi ba da wani haƙƙi ba. A ƙarshen 1593 aka kama manyansu, aka kwashe dukiyar gidajensu. Ahmadu Baba, mai shekara 37, ya rasa littattafai 1,600, kuma shi da kansa ya nuna cewa nasa ne mafi ƙanƙanta cikin na danginsa.

A 1594 aka tasa su gaba cikin sarƙa, har da mata da yara, zuwa Marakesh. Tafiyar ta ci kamar wata biyu. A hanya ya faɗo daga raƙumi ya karye a ƙafa. Da suka isa aka jefa su kaso, shekara 2.

To, a nan ne abin da ya sa muka zaɓi labarinsa yake. Da aka sake shi a 1596, ba a ba shi izinin komawa gida ba. Ga shi ba littattafai, ba dukiya, cikin garin waɗanda suka cuce shi. Wani da sai ya zauna yana ƙirga abin da ya rasa har baƙin ciki ya kashe shi. Shi kuwa ya shimfiɗa buzu a masallacin Shurafa ya buɗe karatu. Abin da ke cikin kansa ba sojan da ya iya ɗauka. Ba a daɗe ba alƙalai da manyan malaman Maroko suka riƙa zama gabansa, ana kawo masa tambayoyi yana ba da fatawa. A shekarar nan ta 1596 ya kammala Nailul Ibtihaj, littafin tarihin malaman Malikiyya. Cikinsa ya sa malaman ƙasarmu ta Sudan kafaɗa da kafaɗa da na Masar da na Fas, har da Malam Aƙibu na Anu Samman, a yankin Azbin. Ba don shi ba, da sunayen da yawa sun bi iska.

Kuma zaman baƙunci bai sa ya sunkuyar da kai ba. Masu tarihi na Maroko sun ruwaito cewa da aka kai shi gaban Almansur, ya tarar sarkin yana magana da mutane daga bayan labule, sai ya ƙi yarda da haka har aka ɗage labulen. Sa'an nan ya tambaye shi dalilin da ya sa ya ƙwace masa littattafai, ya jawo shi cikin sarƙa har ƙafarsa ta karye. Mutumin da ke hannun sarki ne ya yi wannan tambaya.

Almansur ya mutu a 1603. Ɗansa Zaidan ya bar malamin ya tafi, ya isa Tumbuktu a 1608, da yawa cikin waɗanda aka kama tare da shi kuwa sun riga sun rasu can.

Akwai wani littafinsa da ya shafe mu kai tsaye. A 1615 ya amsa tambayar mutanen Tuwat, ƴan kasuwar hamada, game da bayin da ake kawowa daga kudu. Ya bayyana musu cewa baƙar fata ba hujjar bauta ba ce, ya ƙaryata masu cewa wai la'ana ce aka gada daga Ham ɗan Annabi Nuhu. Ya lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, ba ya halatta a mallake su: ciki da Kano, da Katsina, da Gobir, da Barno, da Songai. Dattawanmu na Maraɗi da Tibiri, ga sunan kakanninku a bakin malamin Tumbuktu tun shekara 400 da suka wuce. Gaskiya ne bai soke bauta gaba ɗaya ba, ya bar ta a kan waɗanda ba Musulmi ba da aka kama a yaƙi, kuma wannan ba abin da za mu yaba ba ne. Amma ya san zafin sarƙa a jikinsa, kuma ya ce in mutum ya yi da'awar shi ɗa ne, mai saye ya ji tsoron Allah.

Ya rubuta littattafai sama da 40, bai bar karantarwa ba har ya rasu a Tumbuktu a 1627. A 1973 aka buɗe gidan ajiyar tsofaffin littattafai a garin, aka sa masa sunansa. A watan Janairu na 2013 ƴan bindiga da suka mamaye arewacin Mali suka ƙone ko suka yi gaba da littattafai sama da 4,000 na gidan, sai dai mafi yawa an riga an fitar da su a ɓoye zuwa Bamako. Allah ya jiƙan Malam Ahmadu Baba da malaminsa Bagayogo, amin.