Tarihin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499)

A filin tarihi na wannan mako mun kawo muku rayuwar Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Mun zaɓe shi ne domin ya rasu fiye da shekara 500 da suka wuce, amma har yau mutum zai iya shiga mota daga Gaya ko Ajingi ya je ya ga ayyukansa da idonsa.

Asalinsa

Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja. Tsohon littafin Tarihin Kano ya nuna shi ne sarki na 20 idan aka fara ƙirga daga Bagauda. Tun kafin a haife shi akwai zumunci tsakanin garinmu da birnin Kano. Tarihin baka ya ce Abagayawa, wato maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala suna haƙar tama, daga Gaya suka tashi. Kuma a zamanin mahaifinsa Yakubu ne Agalfati, ɗan Sarkin Machina, ya zo ƙasar Kano a matsayin Sarkin Gaya.

Rumfa ya taso a lokacin da Kano take buɗewa. A zamanin mahaifinsa malaman Fulani sun zo daga ƙasar Mali da littattafai, fataken Azbin kuma suna shigowa da gishiri a kan raƙuma. An ce kafin ya zama sarki ya riƙe sarautar Makama, kuma gidan da ya zauna a lokacin shi ne ake kira Gidan Makama.

Ayyukansa

Da ya hau gadon sarauta a shekarar 1463, sai ya ga birni ya yi wa jama'a kaɗan. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar Kano tun wajen shekara 350 kafin lokacin. Rumfa ya faɗaɗa ta ta ɓangaren Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kansakali, ya shigo da sabon fili cikin birni. A wannan fili ya gina sabuwar fada, wadda ake kira Gidan Rumfa. Ko bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Fulani a cikinta suka ci gaba da zama, kuma ba a canja mata suna ba.

Shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi a gefen rafin Jakara. Wannan kasuwa ce ta tara 'yan kasuwa wuri guda, har ta zama mahaɗar fatake. A ƙarnonin da suka biyo baya ana kawo mata goro daga Gwanja da gishiri daga Bilma. Daga cikinta kuma ake ɗaukar baƙaƙen tufafi na rini da jemammiyar fata a ƙetara Sahara da su zuwa Gadamas da Tarabulus.

A fannin mulki ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, wato manyan masu sarauta guda tara irin su Galadima da Madaki da Wambai, domin kada sarki ya yanke hukunci shi kaɗai. Shi ya fara amfani da kakaki da figini da takalmin gashin jimina, kayan da muke gani a hawan salla har yanzu. A zamaninsa aka fara sallar Idi a filin Shadakoko.

Ba duk abin da ya kawo ne ya yi wa talaka daɗi ba. Tarihi ya nuna shi ya fara tara mata masu yawan gaske a fada, wasunsu ma kamo su aka yi daga gidajen iyayensu. Ya kuma yi yaƙi da Katsina har shekara 11 ba tare da wani ya ci wani ba.

Zuwan Shehu Magili

Wajen shekarar 1492 wani babban malami ya iso Kano, sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau. Rumfa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Da shawararsa aka sare wata bishiya da mutanen da suke girmamawa, aka gina masallacin Juma'a da hasumiya. Malamin ya rubuta wa sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga masu mulki. A ciki ya ja hankalinsa ga yin adalci, da sauraren kukan talakawa da kansa, da tsare dukiyar jama'a. Da zai tafi ya bar Sidi Fari a madadinsa, kuma zuriyarsu ce take unguwar Sharifai. Abin burgewa shi ne, sarki mai irin wannan ƙarfi ya yarda ya zauna gaban malami ya ɗauki gyara.

Rasuwarsa

Rumfa ya rasu a shekarar 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Ana kiran sarakunan da suka biyo bayansa daga gidansa Rumfawa. Kwalejin Rumfa da ke Kano ma sunansa ta ci.

Abin da ya rage gare mu

A arewacin Afirka, inda Shehu Magili ya fito, mutane suna biyan kuɗin jirgi don su je hutu su ga kufai. A kusa da birnin Tunis akwai kufan Kartaj, birnin da Finikawa suka kafa, Rumawa suka rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya suka sake gina shi. Baƙi suna zuwa kallon tsohuwar tashar jirgin ruwa da ragowar gidajen wanka na Rumawa. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya tun 1979. Ganuwar Kano da Dala da Kasuwar Kurmi kuwa suna cikin jerin masu jira tun 2007.

Akwai bambanci guda da ya kamata mu gane. Gine-ginen Rumawa na dutse ne, ko an bar su shekara dubu za a tarar da wani abu. Namu na tubali da jar ƙasa ne. Duk ɗanmu na Gaya ko Ajingi ya san abin da ke samun katangar ƙasa idan damina biyu ta wuce ba a yi mata yaɓe ba. Haka ganuwar Rumfa take. A wurare da yawa ruwa ya zaizaye ta, a wasu an kwashe ƙasarta, a wasu an yi gini a kanta ko an mai da gindinta juji. Idan ta tafi, ƙannenmu sai dai su gan ta a hoto.

Don haka muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu na tarihi su shirya mana ziyarar ilimi. Hanya ɗaya ce ta Wudil. Za mu fara da Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, mu ga Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, mu ratsa Kurmi, mu hau Dala inda kakanninmu maƙera suka sauka. Kafin nan, kowa ya tambayi kakansa ina tsohuwar ganuwar garinsu ta bi, ya rubuto mana mu liƙa a wannan allo.

Allah ya jiƙan Sarki Muhammadu Rumfa, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta