Emil von Behring, Likitan Da Ya Samo Makarin Mashaƙo

Yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani Bajamushe, wanda ya kamata malaman makaranta su san shi, domin shi ma ɗan malamin makarantar ƙauye ne. An haifi Emil Behring ran 15 ga watan Maris 1854, a ƙauyen Hansdorf, wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Folan. Su 13 ne wurin ubansu, albashi kuwa bai taka kara ya karya ba, saboda haka babu halin biya masa kuɗin jami'a. A 1874 ya sami shiga kolejin likitocin soja a Barlin, inda a ke koyarwa kyauta bisa sharaɗin mutum ya yi wa soja aiki shekaru bayan ya gama. Haka ya yi ta yawon bariki yana duban raunuka, har 1889 da aka kai shi ƙarƙashin Robert Koch, mashahurin masanin ƙwayoyin cuta.

A zamanin nan mashaƙo ya addabi Turai, a Jamus kaɗai yakan kashe yara wajen 50,000 a shekara. Wata fata ce ke tsirowa a maƙogwaron yaro ta toshe numfashi, iyaye na kallo, likita na kallo. An riga an gano ƙwayar cutar a 1884, a 1888 kuma masana a Faransa suka nuna cewa dafin da ta ke fitarwa shi ke yin ɓarnar. Abin da ya rage shi ne makari.

To, a nan ne Behring ya yi abin da a ke tunawa da shi. Shi da wani likita mutumin Japan, Kitasato, suka riƙa sa wa dabbobi dafi kaɗan kaɗan har jikinsu ya saba. Sa'an nan suka ɗebi jinin, suka bar shi ya daskare, suka tsiyaye ruwan da ya taso sama, suka yi wa wata dabba allura da shi. Sai ga wadda ba ta taɓa gamuwa da cutar ba ta jure dafin da zai kashe 'yar'uwarta. Watau jiki yana ƙera makarinsa a cikin jini, kuma ana iya ɗibar makarin nan a ara wa wani. Suka buga wannan a watan Disamba 1890, game da mashaƙo da ciwon sarƙewar haƙora, wanda ke shiga ta rauni.

Amma warkar da ɓeran masar daban, warkar da ɗan mutum daban. Ruwan jinin farko ba shi da ƙarfi, kuma ba a san awonsa ba. Paul Ehrlich ne ya tsara yadda za a ƙara masa ƙarfi da yadda za a auna shi, aka koma ɗibarsa daga dawaki saboda yawan jininsu, kamfanin Hoechst ya fara sayarwa a 1894. Mace-macen yara a asibitoci ya ragu ƙwarai. Sai dai ba za mu ɓoye ba, a nan halin Behring bai yi kyau ba. Da aka zo maganar riba shi ya kwashi kaso mai tsoka, Ehrlich ya ga an zalunce shi, zumuncinsu ya yi sanyi shekaru da dama. A 1901 da aka fara ba da kyautar Nobel ta likitanci, Behring aka ba shi kaɗai, ba a haɗa da Kitasato ba. A ganinmu wannan ma ba daidai ba ne.

Ya zauna a Marburg tun 1895, ya kafa masana'antarsa a can a 1904, ya yi dukiya. Ya ɓata shekaru yana neman maganin tarin fuka bai dace ba, baƙin ciki kuma ya kwantar da shi wajen shekara 3. Wani abu dai ya tsaya masa a rai, shi ne makarin aro ba ya daɗewa, cikin 'yan makonni jiki ya ƙarar da shi. Don haka a 1913 ya fito da gaurayen dafi da makari, domin jikin yaro ya koyi ƙera nasa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ruwan jininsa ya tsirar da sojoji masu yawa daga sarƙewar haƙora. Ya rasu ran 31 ga watan Maris 1917, yana da shekara 63.

Mutanen Kano ba su bukatar a kwatanta musu mashaƙo, gama annobar da ta taso a ƙarshen 2022 ta fi tsanani a can, kuma makarin da aka yi wa yara allura da shi na jinin doki ne, irin na Behring.

Dabarar aron makari ta kai har ga cutar ƙanjamau. Ƙwayarta tana sake kama da sauri, makarin da ya kama iri guda sai wani iri ya kuɓuce masa. Amma an lura cewa kaɗan daga masu ɗauke da ita, bayan shekaru, jininsu yakan ƙera makari mai faɗin kamu, wanda ke tare iri da yawa. A 2010 masana a Amurka suka ba da labarin ɗaya mai suna VRC01, aka kwaikwaye shi a ɗakin gwaji, ba tare da doki ba. Daga 2016 aka gwada shi a kan mutum wajen 4,600 a Afirka da Amurka ta Arewa da ta Kudu, da kaɗan a Turai, ana ɗura musu shi ta jijiya kowane mako 8. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bai hana kamuwa gaba ɗaya ba, amma ya rage kamuwa da irin ƙwayoyin da ya fi ƙarfinsu da wajen kashi 75 cikin 100. Daga nan masana suka mai da hankali ga haɗa makari biyu ko uku wuri guda, don rigakafi da kuma danne cutar a jikin mai ita, da gyara ƙirarsu yadda ɗuri guda zai yi watanni a jini maimakon makonni.