Paul Robeson: Ɗan Wasan da Ya Juya wa Fim Ɗinsa Baya

An haifi Paul Robeson a garin Princeton na Amurka a shekarar 1898. Mahaifinsa bawa ne da ya tsere, daga baya ya zama limamin coci. Robeson ya karanta lauya a Jami'ar Columbia, amma wariyar launin fata ta sa ya bar aikin, ya rungumi waƙa da wasan kwaikwayo.

Abin da zai burge ɗaliban harshe shi ne, a 1934 ya shiga makarantar SOAS ta Landan, wadda ta yi suna wajen koyar da Hausa, ya karanci ilimin furuci da Swahili. Ƙaunar Afirka ce ta ja shi cikin fim ɗin Sanders of the River (1935), labarin Nijeriya zamanin Turawa, inda ya fito a matsayin sarki Bosambo. Da aka tace fim ɗin, sai ga shi yabon mulkin mallaka ne zalla. Ransa ya ɓaci matuƙa, ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a.

A 1950 gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfonsa saboda ra'ayinsa na siyasa, sai 1958 ya dawo hannunsa. Ya rasu a Philadelphia a 1976.