George Hadley: Lauyan da ya gano dalilin da hunturu ke busowa daga arewa maso gabas

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan sauka a Kutama da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo daga kusurwa ɗaya: arewa maso gabas. Mutumin da ya fara bayyana dalilin haka lauya ne ɗan Ingila, kuma ya mutu ba a yaba masa ba.

An haifi George Hadley a Landan a 1685. Ya yi karatu a Oxford, ya zama lauya a 1709, amma nazarin yanayi ya fi ɗaukar hankalinsa. Ya yi shekaru yana tantance bayanan yanayi da ake aiko wa ƙungiyar masana ta Royal Society.

A zamaninsa jiragen ruwa da iska suke tafiya, don haka sanin inda take busowa batu ne na rai da dukiya. A 1686 Edmond Halley ya danganta lamarin da tafiyar rana daga gabas zuwa yamma. A 1735 Hadley ya kawo bayanin da ya fi wannan. Rana tana dafa iskar tsakiyar duniya, sai ta tashi sama, mai sanyi ta kwararo daga arewa da kudu ta cike gurbin. Ita kuma duniya tana juyawa zuwa gabas, kuma tsakiyarta ta fi gudu, kusan kilomita 1,670 a awa. Iskar da ta taso daga arewa sai a bar ta a baya, ta karkace. Hunturu na cikin wannan iska, illa dai ta ratso Sahara ta kwaso ƙura.

Bayanin yana da giɓi. Hadley ya ɗauka iskar da ta tashi sama tana zarcewa har ƙuryar arewa da ta kudu, inda ƙanƙara take. Daga baya aka gano tana sauka tun a saman hamada, abin da ke hana Sahara ruwa. A 1856 William Ferrel na Amurka ya nuna akwai wasu kewayen iska bayan wannan. A yau an san cewa lokacin sanyi iska mai tsananin sanyi tana kewaye ƙuryar arewa kamar guguwa, idan ta yi rauni sanyin ya malalo Turai da Amurka.

Hadley bai ci moriyar aikinsa ba. Ana rikita sunansa da na Halley, ko na yayansa John, wanda ya ƙera na'urar auna taurari ta matuƙan jirgi. Ya mutu a 1768. Sai a 1793 John Dalton ya tuna da shi, kuma yanzu kewayen iskar da ke kawo mana hunturu sunansa yake ɗauke da shi a littattafan kimiyya.