Likita Cicely Williams, Wadda Ta Ƙi Raba Uwa da Ɗanta

A asibitocinmu na nan Kafanchan da kewaye, in aka kwantar da yaro, uwarsa ko kakarsa ce ke shimfiɗa tabarma gindin gadon ta yi jinyarsa. Mun saba da haka har muna tsammani ko'ina ma haka ake yi tun fil azal. To, ba haka ba ne. A Ingila, har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, asibitoci da yawa ba su barin uwa ta ga ɗanta sai sau ɗaya a mako, wai don kada ta sa shi kuka. Sai a 1959 wani kwamiti ƙarƙashin Harry Platt ya ba da shawara a buɗe wa iyaye ƙofa. Ina so in ba ku labarin wata likita da ta riga su gane wannan, a nan Afirka ta Yamma kuwa ta gwada shi.

An haifi Cicely Williams a tsibirin Jamaika a 1893. Ta yi karatu a Oksfod, ta ƙare koyon aikin likita a Landan a 1923, zamanin da mata likitoci ba su da yawa. A 1929 Gwamnatin Ingila ta aiko ta ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, inda ta yi aiki shekara bakwai, har da asibitin yara na birnin Ankara.

Can ta riƙa ganin waɗansu yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, ƙafafunsu sun kumbura, gashinsu ya yi ja, fatarsu tana saɓulewa, ga zawo, ga yawan rigima. Da yawa mutuwa suke yi. Maimakon ta kori iyaye mata daga ɗakin marasa lafiya, sai ta bar su kusa da 'ya'yansu, tana tambayarsu abin da yaro ke ci, da lokacin da aka yaye shi. Ta haka ta gane kunun masara zalla ake ɗura wa yaran nan bayan yaye. Mutanen Ga na Ankara kuwa sun riga sun san ciwon, suna ce da shi kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Jama'a, ashe ba abin da mu Hausawa ke nufi da kwanika da shan ciki ke nan ba? Sunan da kansa labarin gida ne, wanda bai zauna da uwa ba kuwa ba zai ji shi ba.

Ta rubuta bayaninsa a 1933, sa'an nan a 1935 ta buga shi da sunan nan na mutanen Ga. Manyan likitocin Landan suka yi mata gardama, suka ce wani tsohon ciwo ne da aka riga aka sani. Daga baya duniya ta koma kan maganarta. Ku da za ku koyar a Kagoro ko Kwoi ko Zonkwa, ku riƙe alamun nan, don a gidajen ɗalibanku ma a kan sami mai tamowa irin wannan.

A 1936 aka mayar da ita Malaya, can gabashin duniya. Abin mamaki, ita da ta yi wa yaran Ankara magani da madarar gwangwani, sai ta tarar 'yan kasuwa suna zuga mata su bar shayarwa su sayi gwangwani, jarirai suna ta mutuwa. A 1939 ta tsaya gaban manyan Singafo ta yi lacca mai zafi, ta sa mata suna Madara da Kisan Kai. Da Japanawa suka ci birnin a 1942 suka tsare ta a kurkukun Changi, ta sha yunwa da wahala har 1945.

A 1948 aka naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yara a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta ci gaba da koyarwa a ƙasashe da dama har tsufa ya cim mata. Ta rasu a Oksfod a 1992, tana da shekara 98.