Rayuwar Bishop Bartolome de las Kasas, Mutumin da Ya Tuba Sau Biyu

'Yan'uwa cikin Kristi, idan ana zancen mulkin mallaka, abin da kan fara faɗo mana a rai shi ne zuwan Turawan Ingila da na Faransa. Amma tun shekaru ɗari huɗu kafin wannan, Turawan Sifaniya sun riga sun kafa nasu mulkin a ƙasashen da ke hayin Tekun Atlantika, waɗanda yanzu ake kira nahiyar Amurka. Sun je da gicciye, sun kuma je da takobi. Cikin waɗanda suka tafi neman rabonsu a can akwai wani saurayi da ya zama firist, daga baya ya zama bishop, ya kuma ƙare kwanakinsa yana yaƙi da abin da ya kai shi can tun farko. Sunansa Bartolome de las Kasas.

An haife shi a birnin Sebiya na ƙasar Sifaniya a shekara ta 1484. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya kuma bi Kiristofa Kolumbus a tafiyarsa ta biyu a 1493. Kolumbus ya yi zaton ƙasar Indiya ya isa, shi ya sa aka riƙa kiran mutanen da ya tarar Indiyawa, alhali kuwa mutanen waɗannan tsibirai sunansu Taino. Da mahaifin ya komo gida, tsarabar da ya kawo wa ɗansa ita ce wani yaro Taino, domin ya riƙa yi masa hidima. A 1500 Sarauniya Isabela ta ba da umarni a mai da irin waɗannan bayi ƙasarsu, aka tafi da yaron. Ashe tun yana ƙarami Bartolome ya saba ganin mutum a matsayin kyautar da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu.

A 1502 shi ma ya shiga jirgi tare da sabon gwamna Nikolas de Obando zuwa tsibirin Hisfaniyola, wanda a yau ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominika suke kansa. A can ana bin wani tsari da ake kira enkomiyenda. Gwamna yakan ɗauki ƙauye guda da mutanensa ya damƙa wa Bature ɗaya, su yi masa noma, su haƙa masa zinariya, shi kuma a bakin ladansu ya koya musu addinin Kirista. A takarda ba bayi ba ne, a aikace kuwa babu abin da ya raba su da bayi. Maza suna ramin zinariya wata da watanni, gonakin rogonsu suka mutu, yunwa ta shiga gidaje. Tsibirin da Kolumbus ya tarar cike da ƙauyuka, ƙidayar da aka yi a 1514 ta sami kimanin mutum 26,000 kaɗai a cikinsa, sa'an nan a ƙarshen 1518 cutar agana ta zo ta kwashi da yawa daga cikin saura. Bartolome ya sami nasa rabon mutane. Ko da ya zama firist bai rabu da su ba, bai kuma ga laifin haka ba.

A 1510 'yan ƙungiyar Waliyyi Dominik suka sauka a tsibirin, ƙungiyar nan da a ƙasarmu aka san aikinta a Gusau da Sakkwato. Sun ɗauki shekara guda suna kallon abin da ake yi. A watan Disamba na 1511, dab da Kirsimeti, ɗaya daga cikinsu, Fada Antoniyo de Montesinos, ya hau bagadi a birnin Santo Domingo a gaban gwamna da manyan gari, ya gaya musu cewa dukansu suna cikin zunubi mai kisa, ya tambaye su wane ne ya ba su izinin bautar da mutanen da Allah ya halitta da rai da hankali kamarsu. Manyan suka fusata, suka nemi ya janye maganarsa. Ran Lahadi na gaba ya sake hawa, ya maimaita ta. Daga nan firistocin ƙungiyar suka daina ba masu riƙe da 'yan ƙasa gafarar zunubi. Las Kasas da kansa ya je furta zunubi aka hana shi gafara, ya tsaya yana gardama da firist ɗin, ya fita yana ganin shi ke da gaskiya.

A 1513 ya bi rundunar da ke cin tsibirin Kyuba a matsayin firist ɗin sojoji. A wani ƙauye mai suna Kawonawo mutane suka tarye su da abinci, suka zauna suna kallon dawakai, dabbar da ba su taɓa gani ba. Ba tare da wani dalili ba sojoji suka zare takubba suka faɗa musu, maza da mata da yara. Las Kasas ya yi ta kai da kawowa yana ƙoƙarin hanawa, bai iya ba, sai dai ya yi wa wani saurayi da ke bakin mutuwa baftisma. Duk da abin da idonsa ya gani, da aka gama yaƙi aka ba shi ƙauye a Kyuba, ya karɓa.

Shekara guda bayan haka, yana shirya wa'azin Fentikos na 1514, sai ya buɗe Littafin Sirak sura 34, inda ake magana a kan baikon da aka yi da dukiyar zalunci, da kuma alhakin wanda ya hana ma'aikaci ladansa. Ya dubi hannun da yake ɗaga gurasa da shi a bagadi, ya tuna gumin wa ya sayi gurasar. Kwana da kwanaki yana ta juya abin a zuciyarsa. Ranar 15 ga Agusta, idin ɗaukar Budurwa Maryamu zuwa sama, ya sanar a gaban jama'a cewa ya sauke hannunsa daga mutanen da aka ba shi, ya kuma ce duk tsarin zalunci ne. Wannan ita ce tubarsa ta farko, yana da kimanin shekara 30.

Daga nan ya kama hanyar fada. A 1515 ya koma Sifaniya ya kai kuka gaban Sarki Fadinan, amma sarkin ya rasu a farkon 1516. Kadinal Sisneros, wanda ya riƙe ƙasar a lokacin, ya naɗa shi mai kare 'yan ƙasa. To, a nan ne ya yi kuskuren da ya bi shi har kabari. Masu gonaki da ramukan zinariya suna cewa idan aka saki 'yan ƙasa, wa zai yi musu aiki? Cikin shawarwarin da ya rubuta a 1516 sai ya ce a yardar musu su kawo bayi daga waje, har da baƙaƙen fata. Ya ɗauka cewa fursunonin yaƙi ne da aka kama ta hanyar da doka ta yarda. Ba shi ne ya fara wannan ciniki ba, gama Turawan Fotugal suna kwasar mutane daga gaɓar Afirka tun wajajen 1440, an kuma riga an kai waɗansu Hisfaniyola. Amma ya sa bakinsa na firist a ciki, har ya sake maimaita shawarar a 1531. A 1518 Sarki Carles ya ba da lasin a kai 'yan Afirka 4,000. Mutumin da ya ga hawayen wata al'umma, sai ga shi idonsa a rufe game da wata.

Ya gwada kafa gari na manoma a Kumana, a gaɓar ƙasar Benezuwela ta yau, inda za a yi bishara babu makami. Masu farautar bayi suka ɓata wurin, 'yan ƙasa suka rama, abin ya rushe. Cikin baƙin ciki ya shiga ƙungiyar Waliyyi Dominik a 1522, ya yi shekaru yana karatu da addu'a. A wannan zama ne ya tsai da koyarwar da ya riƙe har mutuwarsa, wato hanya ɗaya kaɗai Kristi ya bari ta kiran mutane zuwa bangaskiya, ita ce lallashi da kyakkyawan hali, domin bangaskiyar da aka cusa da takobi ba bangaskiya ba ce. A 1537 shi da 'yan'uwansa suka ɗauki alkawarin shiga wani yanki na Gwatemala da sojoji suka kasa ci, bisa sharaɗin kada soja ya biyo su. Yankin da ake kira ƙasar yaƙi ya koma ana kiransa Berafas, wato salama ta gaskiya. A shekarar nan kuma Paparoma Bulus na Uku ya fitar da wasiƙa yana tabbatar da cewa 'yan ƙasar cikakkun mutane ne, ba a da izinin ƙwace 'yancinsu ko dukiyarsu, ko da ba su karɓi bangaskiya ba.

A 1542 naciyarsa ta yi amfani. Sarki Carles ya sa hannu a kan Sababbin Dokoki, waɗanda suka hana mai da 'yan ƙasa bayi, suka kuma hana gadon enkomiyenda. Amma doka tana Sifaniya, riba kuwa tana hayin teku. A Peru masu ƙauyuka suka yi tawaye, suka kashe wakilin sarki a 1546, tun kafin haka ma, a 1545, sarki ya riga ya janye sashen da ya hana gado. Shi kuwa Las Kasas, an keɓe shi bishop na Ciyafas a kudancin Meziko a 1544. Da ya isa sai ya umarci firistocinsa kada su ba mai bayi gafara sai ya sake su ya kuma biya abin da ya ci. Garin ya tashi a kansa, aka yi masa barazana, har waɗansu firistocinsa suka ƙi bin umarnin. A 1547 ya koma Sifaniya, bai sake ganin garkensa ba.

A 1550 sarki ya tara malamai a birnin Baladolid su saurari muhawara tsakaninsa da wani masani mai suna Sefulbeda, wanda ke cewa akwai al'umman da aka halitta domin su yi bauta, don haka halal ne a ci su da yaƙi kafin a yi musu wa'azi. Las Kasas ya yi kwana biyar yana karanta amsarsa, yana nuna cewa 'yan Adam duka iri ɗaya ne. Alƙalan suka watse ba su yanke hukunci ba. A 1552 ya buga ɗan littafinsa a kan ɓarnar da aka yi a waɗannan ƙasashe. Abokan gaban Sifaniya, Turawan Holan da na Ingila, suka yi ta fassara shi domin su ɓata mata suna, sa'an nan su ma suka je suka kafa nasu mulkin mallakar.

Tubarsa ta biyu ta zo ne cikin tsufa. Yana rubuta babban littafinsa na tarihi, sai ya karanta labarun da marubutan Fotugal suka rubuta game da yadda ake kai wa ƙauyukan gaɓar Afirka hari ana raba uwa da ɗanta. Ya gane cewa yadda aka zalunci Taino, haka aka zalunci baƙar fata, babu bambanci. Ya rubuta da hannunsa cewa shawarar da ya bayar laifi ce, kuma ba shi da tabbacin rashin saninsa zai wanke shi a gaban shari'ar Allah. Sai dai ba a buga littafin ba sai a 1875. Muguwar shawara ta kama aiki nan da nan, tubar kuwa ta yi shekaru ɗari uku a akwati. A shekarunsa na ƙarshe ya yi ta kira a mayar wa sarakunan Peru ƙasarsu da dukiyar da aka wawashe. Ya rasu a gidan 'yan'uwansa a Madrid ranar 18 ga Yuli 1566.

Abin da aka shuka a zamaninsa bai mutu tare da shi ba. Kafin a daina cinikin bayi a ƙarni na 19, an loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jirage, har da Hausawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil. Kyuba ba ta hana bauta ba sai 1886, Barazil kuwa sai 1888. Inda aka yi enkomiyenda, manyan gonaki suka tsaya a hannun 'yan tsiraru, jikokin masu ƙasar suka zama 'yan ƙwadago a ƙasar kakanninsu. Ciyafas tana cikin jihohin Meziko mafiya talauci. Ranar 1 ga Janairu 1994 'yan ƙasa suka ɗauki makamai a kan batun filaye, suka shiga birnin San Kiristobal de las Kasas, wanda ke ɗauke da sunansa, kuma magajin kujerarsa, Bishop Samuel Ruwis, shi ne ya tsaya tsakaninsu da gwamnati. Ikilisiya ma ta bi sawun tubarsa. A 1992 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya roƙi gafara a tsibirin Gore na Senegal saboda cinikin bayi, a 2015 Paparoma Faransis ya roƙi gafarar 'yan asalin nahiyar a Bolibiya, a 2023 kuma Fadar Batikan ta bayyana cewa ra'ayin da ya ba Turawa ikon mallakar duk ƙasar da suka ce sun gano ba koyarwar Ikilisiya ba ne.

'Yan'uwa, Las Kasas ya koya mana cewa gafara tana tafiya tare da mayar da haƙƙi. Wanda ya riƙe kuɗin lebura, ko ya ci gonar gwauruwa, ko ya ajiye 'yar wani a gidansa tana aiki babu lada babu makaranta, ya fara gyara wannan kafin ya kawo baikonsa. Ya kuma koya mana cewa mutum yana iya kare wata kabila da dukan ƙarfinsa, ya manta cewa ta kusa da ita ma mutane ne. Bari kowannenmu ya tambayi kansa kukan wa ne bai ji ba tukuna. Allah ya buɗe idanunmu, ya kuma ba mu zuciyar tuba tun da sauran lokacin gyara. Amin.